Gyaran da aka rushe a filin golf na St Andrews, da dalilin da ya sa nake ganin an yi daidai

A watan Fabrairun 2023 hotunan wani ƙaramin aiki suka bazu a intanet daga garin St Andrews na ƙasar Sikotland. Hukumar da ke kula da tsohon filin ƙwallon lambu na garin, wanda ake kira Old Course, ta shimfiɗa daɓen duwatsu a bakin wata 'yar gada da ke cikin filin, gadar Swilcan. Kafin a ce kwabo surutu ya tashi daga ko'ina, har tsohon zakaran wasan, Nick Faldo, ya sa baki. Cikin 'yan kwanaki hukumar ta sanar cewa za ta kwashe duwatsun ta mayar da ciyawa, kuma ta cika alkawari.

Ba don ganin dama aka yi aikin ba. Ana ƙiyasta gadar ta kai shekara 700, kuma makiyaya ne suka fara amfani da ita wajen ƙetare ƙorama da dabbobinsu. Yau kuwa duk wanda ya shiga filin sai ya tsaya a kanta an ɗauke shi hoto, a daidai inda shahararren ɗan wasan golf na Amurka, Jack Nicklaus, ya ɗaga hannu ya yi bankwana da babbar gasar golf ta Birtaniya, wato Open, a 2005. Ƙafafu sun yi yawa, ciyawar bakin gadar ta mutu, lokacin ruwa wurin ya zama laka. Hukumar ta ce ta gwada dabaru iri-iri, har da ciyawar roba, ba su yi ƙarko ba. Matsalar gaskiya ce, kuma masu aikin sun fi masu surutu sanin ƙasa da ciyawa.

Duk da haka ina ganin janyewar ta yi daidai, kuma dalilina yana cikin tarihin mallakar filin. Old Course ba na wata ƙungiyar attajirai ba ne, na mutanen gari ne. Tun a 1552 aka rubuta takardar da ta tabbatar musu da haƙƙin yin wasa a wurin. Sun taɓa rasa shi: a 1797 majalisar garin ta faɗa cikin bashi ta sayar da filin, aka mayar da shi wurin kiwon zomaye, aka shafe shekaru kusan 20 ana shari'a da rigima kafin wani mai suna James Cheape ya saye shi a 1821 ya bar wa 'yan wasa. Sai a 1894 ya dawo hannun gari, sannan a 1974 majalisar dokokin Birtaniya ta kafa hukumar amintattu, St Andrews Links Trust, wadda ke riƙe da shi har yanzu. Amana aka ba ta. Wanda aka ba amana yana da damar gyara, amma idan masu abu suka ce gyaran ya sauya kamannin abinsu, dole ya saurara, ko da kuwa ya riga ya kashe kuɗi.

Abin da ya fi burge ni a wurin shi ne ranar Lahadi. In ba lokacin babbar gasa ba, ba a wasa a Old Course ranar Lahadi. Filin da mutane ke zuwa daga Amurka da Japan suna biyan fiye da fam 300 don su zaga shi sau ɗaya, a ranar sai ya zama wurin shan iska kyauta: iyalai suna yawo, yara suna guje-guje, tsofaffi suna miƙe ƙafa. Ko wane ɗan kasuwa zai ce asara ce. Amma ciyawa tana samun hutu, kuma mutumin da bai taɓa riƙe sandar golf ba yana jin cewa wurin nasa ne. Irin wannan mutumin shi zai tashi ya yi magana ranar da aka zo da shawarar yanka filin a gina shaguna.

Sai maganar kuɗi da aikin yau da kullum, wanda a nan ne ainihin sirrin yake. Kuɗin da baƙi ke biya ba ya tafiya wani asusu mai nisa. Hukumar ta sadaka ce, abin da ta samu yana komawa kan filayen da take kulawa da su. Mazauna gari suna sayen tikitin shekara da rahusa, kuma wani babban kaso na lokutan wasa ta hanyar ƙuri'a ake raba shi kwana biyu kafin ranar, ba ta sanayya ba. Aikin kuwa ba mai ɗaukar ido ba ne. Akwai ramukan yashi 112 a Old Course, waɗanda ake gina bangonsu da yankakkiyar ciyawa, ana jera ta ɗaya bisa ɗaya, kuma bayan 'yan shekaru sai an rushe an sake, domin iska da ruwa da sandunan 'yan wasa suna cinye su. Lokacin hunturu ana ba ɗan wasa 'yar tabarmar roba ya ɗora ƙwallo a kai, don kada ya fasa ƙasa a lokacin da ciyawa ba ta tsiro. Tom Morris, wanda ya kula da filin kusan shekara 40 a ƙarni na 19, an fi tunawa da shi da yawan barbaɗa yashi a kan ciyawa, kuma har yau ana yi. Babu mai yanka kintinkiri don an barbaɗa yashi, amma da irin wannan aikin filin ya kai ga karɓar baƙuncin gasar Open a 2022, wadda ita ce ta 150 a tarihin gasar.

Mu ma muna da filayen golf tun zamanin Turawa: Rayfield a Jos, wanda aka kafa a 1913, da na Kaduna da na Kano, ga kuma na IBB a Abuja. Na san za a ce wasan masu hannu da shuni ne, kuma a garin da mutane ke bin 'yan ga-ruwa, ban ruwa ga ciyawa da rani ba abin da za a sa a gaba ba ne. Wannan magana tana kan hanya, kuma magabata sun gane haka, shi ya sa a filayen Arewa da yashi gauraye da baƙin mai suka riƙa yin kewayen rami maimakon ciyawa. Ba koren St Andrews nake nema mana ba. Amma waɗannan filaye, tare da wurare irin su Gamji a Kaduna da Gidan Zoo a Kano, suna cikin 'yan wuraren da suka rage da bishiyoyi da sarari a tsakiyar garuruwanmu. Lokacin da gwamnatin Kano ta baya ta yi maganar mayar da Gidan Zoo zuwa Tiga, tambayar da ta cika bakin mutane ita ce me za a yi da filin. Sun yi wannan tambaya ne saboda sun sha ganin inda aka bar wuri ya lalace, sannan lalacewar ta zama hujjar sayar da shi.

Abin da ya kamata majalisun jihohi su ɗauka daga St Andrews shi ne dokar 1974. A rubuta cewa filin na jama'a ne, ba gwamnan da zai iya cefanar da shi shi kaɗai. A sa amintattu da za su riƙa wallafa abin da ya shigo da abin da aka kashe. Kuɗin ƙofa ya tsaya a wurin, a biya mai shara da mai dashe da mai gyaran famfo kafin a yi maganar sabuwar kwangila. Duk ƙungiyar da ke wasa a kan filin gwamnati kuma a sanya mata sharaɗin buɗe ƙofa ga kowa rana ɗaya a mako kafin a sabunta mata takardar haya.