Injiniya da Ƙwan Hajiya

(Bayan la'asar. Alhaji ya dawo daga Kantin Kwari, ya tsaya gaban mita yana salati.)

ALHAJI: Kai Injiniya, fito nan! Shekaranjiya na loda wa mitar nan kuɗi, yau har ta fara kuka. Wa ya buɗe injin niƙa a gidana?

INJINIYA: Ba injin niƙa ba ne, Abba. Sabar ce, wato babbar kwamfuta, na kafa a ɗakin ajiya. Dell ce ta hannu, irin wadda kamfanoni ke sayarwa idan sun gama da ita. Da araha na samu.

ALHAJI: Au, ita ce ke gurnani cikin dare? Ni na ɗauka maƙwabta ne suka sayi janareto, har na daina amsa musu gaisuwa da kyau.

INJINIYA: Fankokinta ne. Na ɗora mata manhajar Proxmox, yanzu kwamfuta ɗaya ta zama biyar.

ALHAJI: Alhamdulillahi! Sayar da huɗu ka biya kuɗin wuta.

INJINIYA: Ai ba sa fitowa waje, Abba. A cikin manhaja suke.

ALHAJI: Ka ce irin ribar bashi ce, a littafi kawai ake ganin ta. Nawa take sha?

INJINIYA: Wat 200.

ALHAJI: Awa nawa a rana?

INJINIYA: Ba a kashe sabar. Dare da rana take aiki.

ALHAJI: (ya zaro kalkuleta daga aljihun gaba) 200 sau 24, yunit 4.8 a rana. Sau 30, yunit 144 a wata. To, me take sayarwa?

INJINIYA: Ba ta sayar da komai. Tana ajiye hotunan bikin Yaya, ina koyon raba hanyoyin sadarwa a kanta, sannan manhajar Pi-hole na toshe yawancin tallace-tallace kafin su shigo wayoyin gidan nan.

ALHAJI: Talla kake toshewa? A gidan ɗan kasuwa? Da tallar aka biya maka kuɗin makaranta, ja'iri!

HAJIYA: (daga madafa) Alhaji, don Allah kada ka sa a kashe akwatin yaron nan. Muzuru ya ɗauke min kaza tana kan kwanci, ta bar ƙwai goma sha biyu. Na jera su a kwando ta baya, inda iska mai ɗumi ke fitowa.

INJINIYA: Umma! Shi ya sa zafinta ke ta hawa! Kin toshe mata numfashi. Kuma wa ya zare doguwar shuɗiyar wayar da na ja zuwa falo?

HAJIYA: Igiyar shanya ce ta tsinke.

INJINIYA: Cat6 ce fa, Umma, wayar intanet!

HAJIYA: Ƙarko kam akwai. Bargo biyu ta ɗauka, ko gezau.

INJINIYA: Shi ke nan, Abba, na haƙura. Zan kwashe komai in mayar kan Raspberry Pi. 'Yar kwamfuta ce kamar tafin hannu, ko wat 10 ba ta sha, kuma shiru kake ji.

ALHAJI: Tana ɗumi?

INJINIYA: Ɗan kaɗan.

ALHAJI: Hajiya, kwana nawa ƙwai ke yi kafin ƙyanƙyasa?

HAJIYA: 21. An ci tara, kuma kullum ina juya su.

ALHAJI: To ba mai taɓa na'urar nan. Injiniya, waɗannan biyar ɗin da ka ce suna ciki, kowacce za ta ɗauki kiret guda?