Tazarar haihuwa a Katsina: gyaran yana ɗakin shan magani

Ranar rigakafi, a kowane ɗakin shan magani daga Katsina har Daura, ba ka rasa mace da goyo a baya, wani yana riƙe da zaninta, ga kuma sabon ciki ya fara turowa. Kwanika ke nan, kuma mafi yawan masu yin ta ba da son ransu ba ne. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna Katsina ta fi kowace jiha yawan haihuwa, kimanin 7.3 ga kowace mace, alhali na ƙasa baki ɗaya 5.3 ne. Ya kuma nuna kashi 19 cikin 100 na matan aure a Najeriya suna son su huta ko su tsaya, amma ba sa amfani da komai. Waɗannan matan ba wa'azi suke jira ba. Sun riga sun yarda, hanya ce ta gagare su.

Batun addini ba ya bukatar dogon ja-in-ja. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ambaci shayarwar shekara biyu cikakku, hadisin Jabir a Bukhari da Muslim kuma ya tabbatar da cewa sahabbai suna yin azalu, wato zubar da maniyyi a waje, Alƙur'ani yana sauka. Hukumar Lafiya ta Duniya ma wata 24 ta ce a jira bayan haihuwa kafin a nemi wani ciki, wata 6 bayan ɓari. Abin da ya ɓata lissafi tun farko shi ne kalmar "ƙayyade iyali", wadda ta sa mutane suka ɗauka ana so a rage su ne.

Inda ake rasa mata da yawa shi ne watanni ukun farko bayan sun fara amfani da maganin tazara. Allurar Depo ta wata uku da ashanar da ake sawa a damtse duk suna rikita al'ada: wata ta riƙa ganin ɗigo-ɗigo har sati biyu, wata kuma jinin ya ɗauke gaba ɗaya. A likitance ba illa ba ne, amma ga macen da take lissafin tsarki da salla da azumi, babban al'amari ne. Idan ba a gaya mata tun ranar farko ba, za ta dawo ta ce, "Malama, jinin nan ya ƙi tsayawa, a cire min," ko ma ba za ta dawo ba, sai dai labari ya zaga gidajen suna cewa abin yana shanye jini. Minti biyar na bayani, da sanar da ita cewa akwai maganin da ke rage zubar, sun fi talla goma a rediyo. Haka nan a faɗa mata gaskiya: bayan ta daina Depo, ciki kan yi jinkirin wasu watanni, wani lokaci har shekara. Wadda take son hutun shekara ɗaya kacal, gara a nuna mata wata hanya.

Sannan ba kowane magani ne na kowa ba, abin da masu saye a kemis ba tare da awo ba suke tsallakewa. Ƙwayar da ta haɗa sinadarai biyu ba ta dace da mai hawan jini ba, ko mai shayar da jaririn da bai kai wata 6 ba. Ƙwayar masu shayarwa kuwa tana son lokaci ɗaya kullum. In an wuce awa 3, kariya ta yi rauni. Maganin tarin fuka da wasu magungunan farfaɗiya suna rage ƙarfin ƙwaya da ashana. Ita kanta shayarwar da ake dogaro da ita tana kariya ne da sharaɗi uku a haɗe: jariri bai wuce wata 6 ba, nono zalla yake sha dare da rana, al'ada ba ta dawo ba. Ana fara ba shi ruwa da koko, an fita daga lissafin.

Saboda haka lokacin da ya fi dacewa a kama zancen shi ne sati na 6, ranar da uwa ta kawo jariri rigakafi, daidai da fitarta arba'in, kafin ta koma ɗakin miji idan wankan gida ta je. Za ta sake zuwa a sati na 10 da na 14. Bai kamata a ce mata "ki dawo ranar Alhamis" ba. A yi komai a zama ɗaya.

Tun 2011 gwamnatin tarayya ta ce kayan tazarar haihuwa kyauta ne a asibitocinta da na jihohi, amma ashana ba ta shiga hannu sai da safar hannu, da allurar kashe zafi, da filasta, da tsinken gwajin ciki. Idan babu su, mace ce za ta biya, kyautar ta zama suna kawai. Tun da Amurka ta rufe USAID, hukumarta ta ba ƙasashen waje tallafi, a 2025, dole Gwamnatin Jihar Katsina ta ware wa waɗannan ƙananan kaya layinsu a kasafi, ta kuma saki kuɗin. Haka kuma duk inda aka koyar da sa ashana, Implanon ta shekara 3 ko Jadelle ta shekara 5, a koyar da cirewa. Macen da aka ƙi cire wa, ita ce za ta hana goma sawa.

A Jibia, Batsari, Safana da Ɗanmusa, inda fita hanya kan zama kasada, alƙawarin dawowa duk sati 13 ba abin dogaro ba ne. Nan ne Sayana Press take da amfani: allura ce ƙarama haɗe da maganinta, ma'aikaciya ta koya wa mace a gabanta, ta tafi gida da wasu, ta riƙa yi wa kanta a cinya ko a fatar ciki. Maigida kuwa a kira shi tun lokacin awon ciki, namiji ɗan'uwansa ya yi masa bayani, domin da yawa ba ƙi suke yi ba, ba wanda ya taɓa zaunar da su ne.