Gadon makarantar kwana ta Katolika: a nemo shi a ɗakin kwana

Duk inda tsofaffin ɗaliban makarantun kwana na Katolika suka haɗu, hirar ba ta wuce ƙararrawar asuba da bulalar Fada wane. Har wasu sun ɗauka bulalar ce gadon da waɗannan makarantu suka gada. Tarihin ya saɓa musu.

Dokar da Waliyyi Benedict ya rubuta wa sufaye a ƙarni na 6 ta tsara hatta ɗakin kwana: fitila ta kwana tana ci har gari ya waye, in mutane sun yi yawa a kasa su goma-goma ko ashirin-ashirin ƙarƙashin dattawa, kuma kada a jera gadajen matasa wuri guda, a cakuɗa su da na manya. Tsarin karatun da limaman Jesuit suka fitar a 1599 ya hana malami dukan ɗalibi da hannunsa. Don Bosco kuwa, limamin Katolika wanda ya tara yaran talakawa a Turin ta Italiya, ya bayyana hanyarsa a 1877 kan ginshiƙai uku: hankali, addini da tausasawa. Malami ya shiga filin wasa tare da yara, kafin a kwanta kuma shugaba ya yi musu 'yar nasiha ta minti biyu ko uku. Manufar ita ce a tare laifi tun bai faru ba.

To a nan ne makarantu da yawa ke zamewa. Limamai sun ragu, ɗalibai sun ƙaru, sai a miƙa dare ga manyan ɗalibai. Yaro ɗan shekara 17 ya zama alƙali kuma ɗan sanda a kan ɗan shekara 11, malamin gida yana can ɗakinsa yana barci. Wankin kayan siniya, ƙwace abinci, tsallen kwaɗo da tsakar dare, duk a tsakanin kashe fitila da ƙararrawar asuba suke faruwa. Su ma malamai da ma'aikata bai kamata a bar su ba mai sa ido ba: rahoton hukumar bincike ta Mai Shari'a Ryan na 2009 a ƙasar Ayalan ya nuna irin cin zarafin da aka yi a gidajen yara da ƙungiyoyin addini ke gudanarwa, inda yaro ba shi da wanda zai kai wa kuka.

Saboda haka uban da zai kai ɗansa ya bar kallon kofuna da hoton tsohon shugaba a bango. Ya tambayi babba nawa ke kwana a ginin, yara nawa ke kan kowannensu, wa ke zagaye bayan an kashe fitila, kuma in malamin gidan ne da kansa ya yi laifin, ƙofar wa yaro zai ƙwanƙwasa.