Lauyan talaka a caji ofis ya kamata ya fara aiki

Idan aka kama mutum da zargin kisan kai ko fashi da makami, dangi sukan bazama neman mai faɗa a ji, ko su fara karo-karon kuɗin beli, sai an kusa shiga kotu a tuna da lauya. A ganina a nan ake yin asara, domin yawancin manyan shari'u tun a caji ofis ake ɗaure su, ranar da aka rubuta bayani da Turanci aka ce wanda ko Hausar boko ba ya karantawa ya dangwala yatsa.

Doka kam ba ta bar talaka haka ba. Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ba wanda aka kama damar yin shiru har sai ya gana da lauya. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, wadda Kano ta yi irin tata a 2019, ta tanadi a ɗauki bayaninsa a gaban lauyansa, in ba shi da shi a gaban jami'in hukumar Legal Aid Council. Tun 1976 aka kafa hukumar don kare marasa galihu kyauta, musamman waɗanda samunsu bai wuce mafi ƙarancin albashi ba. To amma mai shayi nawa ne ya san ofishinta?

Daga caji ofis sai a kai mutum gaban majistare, wanda ba shi da hurumin sauraron kisan kai. Ya tura shi gidan gyaran hali a jira shawarar ma'aikatar shari'a, fayil ya kwanta. Shi ya sa kusan biyu cikin uku na mazauna gidajen yarin Najeriya masu jiran shari'a ne. Lauyan da aka samu da wuri shi ne zai bi fayil ɗin, ya nemi beli a babbar kotu. Wanda alƙali ya naɗa ranar gurfanarwa kuwa ihu ne bayan hari.

Akwai masu cewa ai samar wa wanda ake zargi lauya goyon bayan ɓarawo ne. Su dubi shari'ar Yahaya Sharif-Aminu, mawaƙin da aka zarga da ɓatanci ga Annabi. Kotun shari'ar Musulunci a Kano ta yanke masa hukuncin kisa a Agustan 2020, amma a Janairun 2021 babbar kotun jihar ta rushe hukuncin ta ce a sake shari'a, saboda ba shi da lauya. Ko me mutum ke ji game da abin da aka zarge shi da shi, rashin lauyan bai amfani masu ƙara da komai ba.

Jihohi su ware kuɗi a kasafinsu a ajiye lauyan ko-ta-kwana a manyan caji ofis, rassan ƙungiyar lauyoyi su raba wa mambobinsu kwana, a kuma manna lambar wayar lauyan a bakin kantar caji ofis, da boko da ajami.