Daren da Golf Ɗina Ta Daina Walwali

Tun ranar da na sayo su uwargida ta faɗa mini cewa mutum mai 'ya'ya 4 da furfura a gemu ba shi da haɗi da sifika mai fitila. Na ce mata ai ba don kaina na saya ba, don motar ne. Golf 3 ce, ta girmi babban ɗana nesa ba kusa ba, fenti ya koɗe, ƙofar baya sai an lallashe ta take buɗuwa. Amma da dare in na kunna rediyo, zoben sifikun nan ya shiga juya ja da kore da shuɗi, sai ka rantse ɗan gwamna ne a ciki. Yaran unguwa har suna suka sa mata, wai Disko. Ni kuma in an idar da isha'i nakan ɗan zauna a cikinta kamar mai neman wata takarda.

Ranar Alhamis, ana jibi za a kai amaryar ƙanin abokina, kuma an riga an ce motata ce za ta bi bayan ta amarya, na murɗa makulli. Sauti raɗau, fitila ɗif.

Na san ɗan wani abu, kuma shi ya cuce ni. Na san wayar sauti daban take da ta fitila. Sauti daga rediyo yake zuwa, fitilar kuwa volt 12 take ci ta cikin wani ɗan farin akwati mai sauya mata launi. Tunda murya na fita, sifikun lafiyarsu ƙalau, wuta ce ba ta isowa. Iyakar karatuna ke nan, amma ban sanar da kaina ba.

Na kwanta rigingine a ƙarƙashin sitiyari, ƙafafu a waje, fitilar waya a baki, na buɗe gidan fiyus. Guda 22 ne a jere. Ja na amp 10 ne, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Mai hankali ɗaya zai cire, ya duba, ya mayar. Ni sai na ga ɓata lokaci ne, na kwashe su duka na zuba a hula. Uwargida ta leƙo ta ce, "Maigida, in ce maka wani abu?" Na ce, "Ki bari, wannan aikin maza ne." Ta ce to, Allah ya ba da sa'a, ta koma ciki.

Babu ko ɗaya da ya ƙone. Da na zo mayarwa ne na gane cewa ramukan duk kamarsu ɗaya, kuma hular 21 ta dawo mini da su. Na cusa su yadda Allah ya hore. Maƙwabcina, wanda bai taɓa mallakar ko keke ba amma babu motar da bai san ciwonta ba, ya ce in naɗe takardar gwangwanin kwalin sigari in cike gurbin da ya rage, wai haka direbobin tasha suke yi. Na yi. Wani ƙauri ya tashi, sai na nemi mutumin na rasa, ashe ya tuna bai rufe awakinsa ba.

Da safe mota ta ƙi tashi. Ham ya mutu, waifa ta mutu, fitilar sifika kuwa tana nan a kan bakanta.

Na hau adaidaita sahu zuwa Ƙofar Ruwa na ɗauko wani rewaya da na sani. Bai zo da komai ba sai filaya, baƙin salatif da ɗan ƙwan gwaji mai jelar waya. Ya leƙa gidan fiyus ya daɗe bai ce uffan ba. Can ya ce, "Alhaji, wane yaro ne ya taɓa nan?" Na ce wani almajirin gareji ne, kuma ba zan sake kai masa aiki ba. Ya dubi ɓawon takardar sigarin, ya dubi baƙin da ke yatsuna, ya ce lallai yaron nan ba shi da tarbiyya.

Ya jera fiyus ɗin yadda suke, ya sa sabo a na famfon mai, mota ta tashi. Sannan ya bi wayar fitilar da ƙwansa. Ƙaramin fiyus ɗinta na amp 5 lafiya. Wuta tana isa akwatin. Wayar at, wadda aka ɗaure a jikin ƙarfen mota, ba ta yi tsatsa ba, ya ce ita ce ta fi yawan kawo wannan matsala, sai kuma wayar da ke lanƙwasawa a mahaɗar ƙofa. Ya ciro wayoyi 4 da ke tafiya sifika, ɗaya ta wuta, sauran kowace da launinta, ya ɗosana musu wuta kai tsaye. Ja ya kawo. Kore ya kawo. Shuɗi ya kawo, har na ce masa sannu.

"Alhaji, ina rimot?"

Na lalubo shi a aljihun dashbod. Ya saita kan rimot ɗin a kyamarar wayarsa ya danna. Ya ce hasken rimot ido ba ya ganinsa amma kyamara tana gani, in yana aiki sai ka ga ɗan ɗigo yana ƙyaftawa. Babu ɗigo. Ya zaro mazubin batir, wayam. Ya tura yaro ya sayo irin mai kama da kwabo ɗin nan, CR2025, ya sa, ya danna maɓalli ɗaya. Disko ta dawo. Akwatin, in ji shi, yana riƙe umarnin ƙarshe da aka ba shi. Wani ya kashe, shi ke nan. Na biya kuɗin aiki, da na fiyus, da na adaidaita zuwa da komawa.

A gida na tara yara zan yi shari'a, sai uwargida ta ce in sallame su. Ranar Laraba da ƙanina ya ja motar ya kai su ta'aziyya da Hajiyarta, suna shiga layin gidan makoki motar na walwali kamar wurin kamu, Hajiya ta ce a kashe abin nan kafin a ce murna suka zo yi. Uwargida ta kashe. Batirin kuma ita ta cire, sikelin awon fulawarta ne ya mutu, ga odar cincin ta biki.

"To me ya hana ki faɗa mini?"

"Na zo faɗa, Maigida. Ka ce aikin maza ne."

Daren Asabar na wanke mota, na saita fitilu a kan mai bin kiɗa, na shiga layi bayan motar amarya. Aka zuba mini gwaggonnin amarya 4. Ko kwanar farko ba mu sha ba ta gaban ta dafa ni ta ce, "Ɗan nan, don Allah kashe mana wannan wutar, jiri take sa ni."