Nick Saban: Kofuna bakwai, da gumin ɗaliban da ba su da albashi

Lokacin da Nick Saban, kocin jami'ar Alabama, ya sanar da ritayarsa ranar 10 ga Janairun 2024, yana da shekara 72, babu wanda ya tsaya jayayya kan matsayinsa a ƙwallon ƙafar Amurka ta jami'o'i, wasan nan na hular kwano da kafaɗa da ake ruga da ƙwallo a hannu. Ya ɗauki kofin ƙasa sau bakwai, ɗaya da jami'ar LSU a 2003, shida kuma da Alabama tsakanin 2009 da 2020, ya zarce Bear Bryant, tsohon kocin Alabama mai shida, wanda a da ake ganin ba a kamo shi.

Abin da ya fi burge ni game da shi ba yawan kofunan ba ne, rashin taurin kai ne a inda ake tsammanin taurin kai daga dattijo. Saban ya yi suna ne a tsaron gida, tun yana aiki ƙarƙashin Bill Belichick a ƙungiyar Cleveland Browns ta NFL, babbar gasar ƙwararru ta Amurka, amma da wasan ya koma na gudu da yawan jefa ƙwallo, sai ya sauya salo ba tare da jin kunya ba. A wasan ƙarshe na kofin ƙasa da jami'ar Georgia a Janairun 2018, ana cin Alabama 13 da nema aka tafi hutun rabin lokaci, sai ya ajiye Jalen Hurts, jagoran masu kai harinsa da ya kawo su har wurin, ya sako Tua Tagovailoa, yaron da ke shekararsa ta farko a jami'a. Yaron ne ya jefa ƙwallon da ta ba su nasara 26 da 23 a ƙarin lokaci. Koci nawa ne zai iya wannan kasada a irin wannan dare?

Sai dai adalci ya sa a faɗi ɗaya ɓangaren. An gina wannan daula ne a zamanin da ɗan wasa ba ya samun komai sai tallafin karatu da ɗawainiyar makaranta, alhali filin wasan Alabama da ke garin Tuscaloosa yana ɗaukar mutum kusan dubu 100, gidajen talabijin na zuba kuɗi, shi kuma kocin ya fara da kwantiragin dala miliyan 32 na shekara takwas a 2007, daga baya albashinsa ya haura dala miliyan 11 a shekara. Ɗalibin da ya so sauya jami'a kuwa, a ƙa'ida sai ya yi zaman shekara guda bai buga ba. Shi Saban da kansa ya bar ƙungiyar Miami Dolphins ta NFL ya koma Alabama makonni kaɗan bayan ya shaida wa 'yan jarida cewa ba zai tafi ba, kuma babu wanda ya sa shi zaman shekara guda.

A 2021 ƙa'idojin suka sauya, 'yan wasa suka sami damar cin kuɗin talla da sunayensu da kuma sauya sheƙa cikin sauƙi. Saban ya nuna damuwa a fili, har ya zargi jami'ar Texas A&M da sayen 'yan wasanta a 2022, kuma bai sake ɗaukar kofi ba. Magoya bayansa za su ce ya fitar da yara da dama daga talauci zuwa gasar NFL, huɗu daga cikin 'yan wasansa sun ci kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i na shekara, kuma tsohon mataimakinsa Kirby Smart ya ɗauki kofi biyu a jere da Georgia. Duk wannan gaskiya ne. Amma mutumin da ya iya sauya salon wasa sau da dama bai daɗe a fagen ba bayan da iko ya fara komawa hannun 'yan wasa, kuma a ganina dole a lissafa wannan tare da kofunan bakwai.