Makulli ya ƙi fita, sai a ce a fasa?

Abin da ke ƙona min rai da tsofaffin motocin tokumbo masu giyar otomatik shi ne ka iso Agege a Legas bayan ka sha cunkoso tun daga Mile 12, ka kashe mota, makulli ya ce atafau ba zai fito ba. Nan take mutane su taru, kowa ya zama bakanike. Wani har cewa zai yi, "Alhaji, kawo filaya mu fizgo shi." Haba jama'a!

Motar nan an ƙera ta ne ta riƙe makulli muddin giya ba ta zauna daram a P, wato fakin, ba. Robar da ke bakin wayar giya ce ke cinyewa, sai giyar ta tsaya rabi da rabi. Taka birki, ka mayar da giyar D, wato ta tafiya gaba, ka dawo P da kyau. In sitiyari ne ya danne, ɗan girgiza shi kana murzawa a hankali. Batir ma in ya mutu, wasu motocin ba sa sakin makulli.

Amma wasu makanikai ko dubawa ba sa yi, sai su tura ka kasuwar kayan mota ta Ladipo sayen sabon mazaunin makulli gaba ɗaya, alhali ƴar roba ce ta mutu.